Kekunan Kakuri a Jikin Bango

Na yi shekaru masu yawa ina zanen atamfa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri da ke Kaduna kafin a rufe ta. Aikina shi ne in zauna a ɗakin zane da ke saman bene, in fitar da fure ko ganye ko tsuntsu a takarda, a sauka da shi ƙasa a buga a jikin yadi. Sau da yawa nakan haɗu da zanena a kasuwa, ɗaure a ƙugun matar da ba ta san ni ba, in yi ta bin ta da kallo har sai na tuna cewa hakan ba kyau. Da injuna suka yi shiru sai na koma rubuta allunan shaguna, na masu aski da teloli da masu gyaran waya. Wannan ma bai je ko'ina ba aka fara bugawa da kwamfuta a jikin leda, kafin ka gama sallame mai shayi an gama maka. Daga nan sai ya zama ina buɗe rumfata a Makera ne kawai don kada in wuni a ɗaki.

A lokacin matata ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Babban ɗana yana Kawo, tsallaken kogi, ƙanwarsa tana aure a Zariya. Duk sanda ya zo gaishe ni sai ya ce in tattara in koma wurinsa, ni kuma in ce masa sai na yi shawara. Ya san babu wanda zan yi shawarar da shi, amma yakan ƙyale ni.

Wata ranar Talata da la'asar napep ya tsaya a gaban rumfar, wata dattijuwa ta fito da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "Dizaina, ashe kana nan da rai?"

Tun da aka rufe masaƙa ba wanda ya ƙara kirana da wannan suna. Sai da na miƙe na matso na gane ta. Matar abokina ce, mutumin wajen Zonkwa, makanikin injin saƙa. Muna samari mun zauna gidan haya ɗaya a Kakuri, ɗakinsu yana kallon namu, ita da matata murhu ɗaya suke girki, idan ɗaya ta haihu ɗayar ce mai dafa ruwan wanka. Daga baya gari ya sauya, kowa ya nemi inda hankalinsa zai kwanta. Su suka koma Barnawa ta bakin kogi, mu muka matsa Makera. Nisan bai kai a kira shi nisa ba, amma rabona da ita tun ranar da aka binne mijinta. Madam nake kiran ta tun da can, haka na kira ta ranar.

Na ba ta kujera, ta yi mini gaisuwar matata, ta ce ba ta ji ba sai da aka daɗe. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Tana da gidan abinci a Barnawa, a ciki akwai wani dogon bango da ba komai a jikinsa sai tabon manja. Ɗanta yana so a manna masa takardar ado irin ta otal, ita kuma ta ce a'a. So take in zana mata Kakuri yadda take a da. Ta ce yaran da ke cin abinci a wurinta sun ɗauka tun da aka halicci duniya Kakuri kango ce da ciyawa, idan ta ba su labari sai su yi dariya su ce Mama ta fara.

Na ce mata hannuna ya kwana biyu bai riƙe buroshi a kan abu mai girma ba. Ta ce nata gwiwoyin ma sun kwana biyu, amma ga shi sun kawo ta.

Ba ta buɗe shago ranar Lahadi, don haka muka shirya in riƙa zuwa ranar. Ta ba ni mabuɗi. Nakan isa da hantsi, lokacin da titunan Barnawa suka cika da masu tafiya coci, mata cikin anko, yara da takalma masu ƙyalli suna tsallake kwata. Can kuma sai unguwar ta yi tsit. In buɗe ƙofa in tarar da kujeru a kife bisa tebura, ɗakin yana ƙanshin daddawa da hayaƙin jiya. A kan kantar shagon takan ajiye mini kular abinci, wani lokacin faten acca, wani lokacin tuwo da miyar karkashi, da cokali naɗe cikin takarda. Ina aiki ina jiyo waƙoƙin coci daga ɓangarori daban-daban, wasu da Hausa, wasu da Turanci, wasu da harsunan da na zauna da masu su shekara da shekaru ban iya ba sai gaisuwa. Kiran salla ba ya isowa nan. Idan na ga inuwar ƙofa ta gajarce sai in wanke hannu da kananzir, in sake wankewa da sabulu, in yi alwala a bayan kicin, in shimfiɗa darduma tsakanin tebura.

Na fara da wanke bangon, na shafe shi da farin fenti, sannan na shata da gawayi. A hannun hagu na sa kogi, da tsohuwar gada, da jirgin ƙasa yana haurowa da dilolin auduga. A ƙarƙashin gadar na kwantar da kada a kan yashi, tunda an ce daga gare shi garin ya samo suna. Gaskiyar magana, duk zamana a Kaduna ban taɓa ganin kada a kogin nan ba. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a wani wurin shaƙatawa cikin gari, yana kwance cikin ruwa kore kamar gungumen itace, yara suna jifansa da bawon gyaɗa bai ko motsa ba. Nawa na buɗe masa baki, na ba shi haƙora masu kyau, don na san abin da mutane ke son gani. A hannun dama na sa ƙofar masaƙa da dogon bututun hayaƙi, da mai koko da ƙosai a gindin bishiya. Tsakiya kuwa, wadda ta fi ko'ina faɗi, na bar wa kekuna.

Wanda bai ga tafiyar ma'aikatan safe ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Da jiniya ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna daga wannan baki zuwa wancan, ƙararrawa tana tashi ta ko'ina, mota ma sai ta haƙura ta bi a hankali. Bajju ne, Tibi ne, Bagwari ne, Bakatsine ne, duk ana turawa gaba ana zolayar juna. Abin da na so in sa a bango ke nan. Na shata su suna tahowa, suna fuskantar mai kallo, na bar gurbin fuskoki fari da niyyar in cike daga baya.

Madam takan biyo da yamma bayan ta taso daga taron mata na coci, ta zauna ta huta, ta duba abin da na yi. Ba ta cika magana a kan zanen ba, sai dai ta ce mai kokon nan ta yi ƙiba da yawa, ko bishiyar ba a nan take ba. Ranar da ta ga kekunan ta daɗe tana kallo. Sai da na fara haɗa gwangwanayen fenti ta ce, ba tare da ta dube ni ba, tana so in sa mijinta a gaba. Ta ce ba ta da hotonsa ko ɗaya. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya shiga gidajen bakin ruwa, akwatin da hotunan suke ciki ya kwana a ruwa, da aka buɗe duk sun manne sun zama kamar kunu. Jikokinta ba su san kamanninsa ba.

"Kai ka san shi tun kafin in san shi," ta ce. "Kai kaɗai ka rage."

Na ce mata wannan abu ne mai sauƙi. Haka na ɗauka kuwa. Mutumin da muka ci abinci a kwano ɗaya, wanda ya riƙe mini ɗana ranar suna ana yi masa aski, yaya za a yi in manta fuskarsa?

Lahadin da ta biyo na hau benci na fara. Na san yana da faɗin goshi, na san yana da wushirya, na san idan zai yi dariya idonsa ɗaya yakan rufe. Na sa duka. Da na sauko na ja baya sai na ga wani mutum da ban taɓa gani ba yana kallona. Na goge na sake. Wannan karon ya fito kamar wani direban babbar mota da na sani a Tudun Wada. Na rufe ido don in gan shi, sai fuskar ta riƙa zuwa tana zamewa, kamar mutum ya leƙa cikin randa wani ya girgiza ruwan. Ranar ban taɓa abincin da ta ajiye ba. Da ta zo da yamma ta tsaya gaban na ukun da na yi, ta ce, "Ya yi kyau, Dizaina. Sannu da aiki." Ta shiga kicin ta yi ta motsa tukwanen da ba su buƙatar motsi. Na san ba shi ba ne, ta kuma san na sani.

Cikin makon na tafi Kakuri da ƙafa. Akwai wata bishiyar maina kusa da tsohuwar ƙofa inda na ji ana cewa tsofaffin ma'aikata suna zama. Na yi tunanin ko wani yana da hoton rukuni, irin wanda ake ɗauka a bikin ƙarshen shekara. Mutum biyu na tarar suna dara a ƙasa. Ɗaya yana da yanar ido, sai da na faɗi sashen da na yi aiki ya ce ya tuna ni, ko da yake ina jin kara ce kawai ya yi mini. Na tambaye su abokina. Na farko ya ce ai dogo ne fari, mai son ƙwallo. Na biyu ya ce a'a, wancan ɗan sashen rini ne, wannan gajere ne. Suka shiga musu har suka manta da ni. Da na tambaye su labarin sauran mutanenmu, sai amsa ta zama iri ɗaya: wane ya rasu, wane ya koma gida, wane 'ya'yansa sun ɗauke shi, wane ba a san inda yake ba. Hoto kuwa babu mai shi.

Na dawo ta jikin katangar masaƙa. Ta wani wuri da ta rushe na leƙa. Rufin ɗakin zanenmu ya tafi, wata bishiya ta fito ta tagar da nake zama kusa da ita, awaki suna kiwo a inda ake sauke auduga. Ban daɗe ba na wuce. Da na isa gida na zauna bakin gado da takalmana a ƙafa har aka kira magariba.

Ranar Lahadi na shafe fuskar da farin fenti, na sauke kujera ɗaya na zauna ina jiran ya bushe. Na daina ƙoƙarin tuna kamanninsa, na bar zuciyata ta koma safiyoyin nan yadda take so. Kullum shi ne ke fara fitar da kekensa, ya tsaya a ƙofar gida yana kaɗa ƙararrawa don in yi sauri. Ba shi da haƙurin jira, ni kuma sarƙar kekena ba ta da amana, saboda haka kullum yana gaba ina biye. A nan na lura da abin da nake gani a zuci. Ƙeyarsa ce, da wani ninki da ke bayan wuyansa. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka saboda jakar sifanu da yake ratayawa. Iska ta cika masa riga ta baya ta kumbura. Kansa a karkace yake kaɗan, don yana fito yana tafiya. Ƙafar wandonsa ta dama kuma ya maƙale ta da abin maƙale shanya don kada sarƙa ta kama. Duk wannan ya zo mini garau, ba abin da ya zame.

Na hau benci ban ko shata da gawayi ba. Na juya kekensa ya fuskanci ƙofar masaƙa, ya ba mai kallo baya. Hannuna ya riƙa tafiya kamar lokacin da nake saurayi a ɗakin zane, ban ji yunwa ba, ban ji ciwon baya ba. Sai da na sa ɗan jan ɗigo a ƙafar wandon na sauko, na ga ashe har azahar ta kusa fita.

Ina wanke buroshi ta shigo, da gyalen coci a kafaɗa da littafin waƙoƙi a hannu. Ta yi sallama, ta juya wajen bangon, sai ta tsaya. Na ci gaba da wanke buroshin da ya riga ya wanku. Ta matsa kusa, ta ja baya, ta jawo kujera ta zauna.

"Haka yake fita kullum," ta ce a hankali. "Ni ma bayansa nake gani daga ƙofa."

Can kuma ta nuna ƙafar wandon da littafin da ke hannunta, ta yi wata 'yar dariya da ba ta fito sosai ba. "Har da abin shanyata. In ta nema ina zargin yara."

Ta share ido da bakin gyale, ta tambaye ni ko na ci abinci. Na ce ban ci ba. Ta ɗauko kular da kanta, ta zuba mana a faranti biyu, muka ci da sanyinsa muna kallon bango.

Bayan wannan sai na juya sauran kekunan gaba ɗaya, kowa ya bi shi zuwa ƙofar masaƙa. Aikin ya ƙara mini makonni, amma ban damu ba. Na gane cewa da yawansu ta baya na fi sanin su. Akwai mai hular sanyi ko da zafi, akwai mai ɗaure kwanon abinci a kariyar bayan keke da tsohuwar roba, akwai wani ƙato da kekensa ya yi masa kaɗan. Can baya, a gefen hagu, na sa wani siriri ya sauka ya durƙusa yana mayar da sarƙa. Da Madam ta gan shi sai ta ce in ƙara masa gashi, don a lokacin ina da shi.

Da aka gama, masu cin abinci suka yi ta magana. Samari sun fi son kadan, sukan tsaya kusa da bakinsa su ɗauki hoto da waya. An gaya mini wata rana wani dattijo ya shigo sayen tuwo, ya ajiye ledarsa ya tsaya gaban kekunan har tuwon ya huce, ya ce da yaran shagon shi ne mai hular sanyin nan. Ban san ko shi ne ba, ban taɓa haɗuwa da shi ba. Madam ta matsar da kujerarta daga bakin ƙofa zuwa inda za ta riƙa hango tsakiyar bangon tana karɓar baƙi.

Ni kuwa da aiki ya ƙare sai Lahadi ta zame mini nauyi. Na saba tashi da abin yi. Ta farko na wuni a ɗaki ina sauraren rediyo, ta biyu sai na ɗauki jakata na tafi Barnawa, na ce mata akwai inda fenti bai kama ba. Ba ta karɓi mabuɗinta ba. Haka na yi ta zuwa ina ƙara abin da ba a tambaye ni ba, yau kaza da 'ya'yanta a bakin titi, wani makon balbela a kan gada, wani makon masunci a cikin kwalekwale. Kular abinci kuma ba ta taɓa fashi ba. Da bangon ya cika har ba inda zan sa ko tsinke, sai ta ce in riƙa zuwa ranakun aiki in ci abinci cikin mutane. Na gwada. Amma an kafa talabijin a ɗaya bangon, samari suna ta gardamar ƙwallo, ita kuma tana fama da masu saye, ba ta samun zama. Nakan ci in yi godiya in tafi.

Damina biyu bayan haka gwiwoyinta suka ƙi gaba ɗaya. Ɗanta ya ce zaman Kaduna ya isa, ya gyara mata ɗaki a garinsu kusa da ƙannenta. Ranar da za ta tafi na je muka yi sallama. Jikokinta sun ɗauki hoton bangon a waya, an wanko mata wurin da mijinta yake, ta sa a cikin littafin waƙoƙinta. Ta ba ni acca a ƙullin leda, ta koya mini yadda zan wanke ta in fitar da yashi, ta ce ta san ba zan iya ba. Na miƙa mata mabuɗin, ta miƙa wa mai gidan da ke tsaye yana jira.

Wanda ya kama shagon kayan masarufi yake sayarwa. Bai shafe zanen ba, kantoci kawai ya kafa a jikinsa daga ƙasa har sama, ya jera katan-katan na taliya da sabulu da madara. Na shiga sau ɗaya na sayi sabulun wanka. Ta tsakanin katan biyu na hango rabin ƙafar keke da ɗan gefen riga. Mai shagon ya ga ina leƙe, ya tambaye ni ko akwai abin da nake nema, na ce a'a, na karɓi sabuluna na fito.

Madam takan kira ni da Salla, ni kuma in kira ta da Kirsimeti. Layin garinsu ba shi da ƙarfi, rabin maganar a "kina ji na?" take ƙarewa. A kiran da muka yi na baya ta ce damina ta yi kyau a wajensu, ta tambaye ni ko har yanzu ina Makera. Na ce ina nan. Ta ce in gaishe da yara, sai layin ya yanke.